Inna, Tsohuwar Motar Sojan Ta Daina Ɗiga

Zuwa ga Inna, a makwancinta da ke gabas da Tudun Aduwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da durƙuso irin na ɗa a gaban mahaifiya, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu dai nan Tanut lafiya lau muke, sai zafin bazara wanda ya sa har jakuna sun daina gardama. Surukarki Rabi tana gaishe ki. Jikokinki biyar suna gaishe ki, har da na ƙarshen da ba ki gani ba, wanda ya ɗauko kunnuwana, Allah Ya ba shi haƙurin zama da su.

Na san abin da za ki fara tambaya: yaushe na koyi rubuta wasiƙa, ni da na bar lakwal, wato makarantar boko, a aji huɗu, ranar da malaminmu Mushe ya tambaye ni bakwai sau takwas na ce masa ya danganta da yadda kasuwa ta tashi. Ki yi haƙuri da rubutun. Kuma ki sani a waya zan saka ta, mutane za su yi ta leƙe. Na bar su su leƙa. Labarin nasara ne, kuma kin san ban cika samun irinsa ba balle in ɓoye.

Maganar Goggo ce.

Kin tuna ta ai, tunda ke kika raɗa mata sunan. Tsohuwar kamyon sojan nan mai ƙafa shida, wadda mutanen garinmu suka haɗa hannu suka saya a gwanjo bayan sojoji sun gaji da ita, aka ɗora mata tankin ruwa. Ranar da ta fara shiga Tudun Aduwa kina bakin zaure, kika ji yadda take nishi kafin ta tashi, kika ce duk abin da ke nishi haka kafin ya miƙe ya cancanci a girmama shi. Shi ke nan ta zama Goggo. Har yau ita ce ke ɗebo ruwa daga famfon Tanut zuwa garin sau biyu a mako idan bazara ta kama rijiya ta ja baya. Wancan rairayin na hanya, ƙaramar mota ko a mafarki ba ta keta shi. Ni kuwa tun ranar farko ni ne makanikenta, don ni kaɗai ne ɗan garin da ke da gareji, idan za a kira rumfar kwano da tsofaffin tayoyi huɗu gareji.

To, tun bayan damanar bara Goggo ta fara zubar da man buwat.

Buwat, Inna, shi ne akwatin giya. Wata tukunyar ƙarfe ce a ƙarƙashin mazaunin direba, cike da haƙora masu cizon juna, suna iyo cikin wani mai mai kauri kamar zuma, mai warin da ya fi na daddawa nisan tafiya. Muddin man yana nan, haƙoran suna zaman lafiya. Idan ya tsiyaye, sai su cinye juna, motar ta durƙusa a inda take, ko da a tsakiyar daji ne.

Inda sandar ƙarfe ke fitowa daga tukunyar akwai wani zoben roba da ke tare man, muna ce masa juwan. Duk makaniken da ya ga mai a ƙasa, juwan yake fara zargi. Na sake juwan. Bayan kwana goma ta ci gaba da ɗiga. Na ce ai sojoji ne suka gama cin amfaninta suka bar mana ƙashi.

Na sake na biyu. Ta ɗiga. Na ce laifin Dogo ne. Dogo shi ne direbanta, ɗan Malam Na-Allah mai ɗinkin salka, kin san shi yana yaro mai majina, yanzu ya yi gemu har da furfura uku da yake ƙirgawa kullum. Na ce masa yana shiga giya kamar mai faɗa da ita.

Na sake na uku. Ta ɗiga. Na ce mai kantin Damagaram ne ya sayar mini da jabu, har na aika masa da saƙon murya mai tsawo wanda yanzu in na tuna shi nake jin kunya. Kin sha gaya mini laifi tudu ne. Ni ban taka nawa kawai ba, Inna, na shimfiɗa tabarma a kansa na zauna ina hango na mutane.

Shi ma Dogo bai zauna ba. Ya rataya mata laya a madubi, ya ce baki ne ya kama ta. Ya kwaɓa sabulun salo ya liƙe mata ƙasan ciki. Kuma kowace tafiya sai ya ɗura mata mai har wuya, wai don ya rage mata abin zubarwa a hanya. 'Yan tasha suka sa mini suna Idi Ɗis-ɗis. In na wuce sai wani ya ce, "A kawo kwano, ga shi nan tafe." A gida ma ban tsira ba. Rabi ta ɗaga rigar aikina da yatsa biyu ta ce, "Malam, wannan in aka matse ta ai an cika buwat ɗin, har a ajiye saura."

Duk wannan abin dariya ne har ranar da ya daina zama.

Makon jiya na wancan, a tsakiyar hanya Dogo ya ji buwat ya fara kuka. Allah Ya taimake shi ya tsaya. Ya duba, mai ya kusa ƙarewa, wanda ya riƙo kuma ya riga ya ɗura. Sai da aka kai masa wani a kan raƙumi. Ruwa bai isa gari ba sai kashegari da la'asar. A wannan ranar, Inna, ƙanwarki Iya Delu ta ɗauki bido, jarkar ruwa, ta tafi rijiya da waccan gwiwar tata mai ciwo. Ta zauna a layi tun hantsi, guga na fitowa da rabin laka. Da aka gaya mini, ban sami abin ban dariya ko ɗaya da zan faɗa ba, kuma kin san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Mai gari ya zo Tanut da kansa, ba shi kaɗai ba. Ya zo da wani mutumin Damagaram mai sayen tsofaffin motoci yana yanka su da wuta yana sayar da ƙarfen. Mutumin ya yi ta zagaya Goggo yana ƙwanƙwasa ta da ɗan makulli, kamar yadda mahauci ke zagaya tsohuwar saniya yana taɓa ƙugu. Mai gari ya ce, "Idi, ba mu raina ka ba. Amma gari ba zai yi ta shayar da mota mai, ita kuma tana shayar da rairayi ba. Wata rana za ta mutu da Dogo a daji. Juma'a mai zuwa ta kawo ruwa a gaban jama'a. In ta ɗiga, a yanka."

Kowa a wurin ya san in aka yanka Goggo babu wata a bayanta. Komawa za a yi ga jakuna da layin rijiya, da tsofaffi irin Iya Delu.

Ranar Asabar na yi abin da ya kamata in yi tun bara: na wanke ta. Ki ji abin kunya. Sau uku ina gyaran wurin da ban gani ba. Ƙasan motar duk baƙi ne ƙirin, mai da rairayi sun yi ɓawo mai kaurin yatsa, kuma iska tana kwashe man ta kai shi baya, sai ka ga ɗigo a nan alhali daga can ya taso. An ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, to ni ko share ɗakin ban yi ba. Na kankare da wuƙa, na wanke da gazuwal, man da take sha, na bi da omo da ruwa, na bar rana ta busar. Har na ga koren fentin soja a wuraren da tun zuwanta ba a gan shi ba.

Daga nan na shiga madafa na kwashe tokar murhu, na tankaɗe ta da rariyar Rabi. Ba zan rubuta miki abin da ta ce ba, tunda yara za su karanta. Na barbaɗe buwat ɗin da toka ta ko'ina, Goggo ta koma kamar kazar da ta yi birgima a juji. Dabarar ita ce, duk inda mai ya fara leƙowa, toka za ta yi duhu a nan kafin ya bazu.

Na bar ta a tsaye yini guda. Ko ɗigo. Na tayar da inji a tsaye, ya yi ta ruri har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Ko ɗigo.

Ran Litinin na ce wa Dogo mu fita. Muka bi wajen tuddan rairayin da ke hanyar Gangara. In mun ɗan taɓa tafiya sai in ce ya tsaya, in sauka in kwanta a ƙasa in leƙa. Rairayin da zafi kamar an kwaso shi daga kaskon gyaɗa. Tsayawa ta farko toka fara tas. Ta biyu haka. Sai na ce ya sa mata karabo, wato ƙafafun shida duka su ja, ya hau babban tudu ya sauko, ya sake hawa, har buwat ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu.

Na leƙa. Toka ta yi duhu a juwan na baya. Na ce yauwa, na kama ɓarawo. Na matsa gaba kaɗan, ta yi duhu a bakin murfin sama. Na ƙara matsawa, ta yi duhu a gindin sandar giya. Har ɗan ramin da wayar awon gudu ke shiga yana tsatsafo. Wuri huɗu a lokaci ɗaya, kuma duk sai da ta yi zafi. Na kwanta a nan ina kallo, kaina ya ƙi ba ni komai. Ƙofa ɗaya in ta lalace an san ƙofa ce. Amma huɗu su haɗa baki rana ɗaya?

Don kada Dogo ya ga ban san abin yi ba, na ce ya miƙo kile, abin kwance noti, in duba yawan man. Na kama murfin da ake zuba mai, na murɗa sau biyu.

Fuss!

Iska mai zafi ta yi tsalle ta fito da mai, ta wanke mini gemu da rabin fuska. Dogo ya riƙe ciki ya faɗi kan rairayi. Da kyar ya iya cewa, "Maigida, Goggo ta yi maka tofi, ka shafa."

Ni ban yi dariya ba, don na san wannan ƙarar. Na san ta tun ban san mota ba.

Shekarar da Fulanin nan suka sauka bayan gonarmu, kika yi ƙawance da Dija, ta koya miki kaɗa nono a gyandama. Kina zaune a inuwar rumbu, ƙafafu a miƙe, kina girgizawa. In kin ɗan yi sai ki tsaya, ki zare abin toshin, gyandamar ta ce fuss, ki mayar, ki ci gaba. Ni kuwa ina ganin ɓata lokaci ne.

Wata rana akuya ta kwance kika bi ta, kika bar mini gyandamar. Na ce yau zan nuna miki yadda maza ke aiki. Na ɗauki dutse na buga abin toshin ya shige tamau, na yi ta girgiza ba tsayawa. Ban ankara ba wuyan gyandamar ya tsage, nono ya fesa mini a ido, saura ya bi ƙasa, kaji suka yi biki. Kika dawo da akuya a hannu, kika dube ni, kika dubi kajin. Ba ki dake ni ba. Kika ce, "Abin da ka toshe wa baki kana girgizawa, sai ya nemi wata ƙofar. Ka riƙa barinta tana gyatsa."

Shekara arba'in da wani abu, Inna. Sai a ƙarƙashin motar soja, da mai a gemu, maganar ta iso kunnena.

Goggo ba yoyo take ba. Cikinta ne ke kumbura. Haƙora na girgiza mai, mai na zafi, iska na neman hanya, ba ta samu ba, sai ta tura man ta duk inda ya yi laushi. Ko juwan ɗari na saka, haka za ta yi. Kuma wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne, dole ya bar mata hanci a wani wuri.

Lokacin azahar ya yi, Dogo ya tafi gindin wata ƙirya da butarsa. Na hau cikin motar, na ɗaga tabarmar roba, na kwance farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar direba. Daga nan ake ganin saman buwat, inda wankina bai kai ba. Na share da tsumma. Ga wani ɗan bututu a tsaye, kaurin ƙaramin yatsa. A bakinsa an cusa itacen aduwa da aka feƙe da kyau, an liƙe da ƙaro, an naɗe da robar tsohon tayan keke, an ƙulle.

Na tsaya ina kallon ƙullin. Ƙullin bakin buhu ne, mai kunne biyu, wanda kika koya mini a masussuka. A duk Tanut ban san wani makanike da ke yin sa ba.

Sai abin ya dawo mini tar. Bara bayan damana na buɗe wurin nan don wani aiki, na ga ɗan bututun a buɗe, hular da ke kansa ta faɗi tun ban san yaushe ba. Kin san mu mutanen Damargu da rami. Mun rufe tulu, mun rufe rumbu, mun rufe kunnen jariri, don rairayinmu ko gwangwanin tumatir da ba a fasa ba yana neman hanyar shiga. Na ce dubi sakacin soja, sun bar ƙofa a buɗe a ƙasar rairayi. Na zauna na feƙe itace, na jiƙa ƙaro, na yi aiki mai kyau. Har na koma gida ranar ina gaya wa Rabi cewa na ƙara wa Goggo shekara goma.

Na leƙa ta taga. Dogo yana sujada. Na zare itacen na jefa a aljihu.

Kwana uku na yi ina gyaran ɓarnar hannuna. Na zura waya a bututun na fitar da ƙaron da ya narke ya gangara, na hura da baki har na ji iska na wucewa. Amma tsorona na bara ba ƙarya ba ne, rairayi yana nan yana jira. Sai na samo dogon tiyo na ɗaura a bututun, na bi da shi ta bayan ɗakin direba zuwa sama, na lanƙwasa bakinsa ya dubi ƙasa, na saka masa 'yar matatar man babur. Iska ta shiga ta fita, rairayi ya tsaya a waje ya yi sallama.

Juwan na baya ya riga ya sha wuya, na sake shi karo na huɗu. Wannan karon na duba ƙarfen da yake kamawa, na ga tsohon ya ci masa zobe siriri kamar inda igiyar guga ta ci itacen bakin rijiya. Na tura sabon ciki kaɗan don ya zauna a kan lafiyayyen wuri. Murfin sama kuwa na yanka masa sabuwar takarda daga kwalin shayi, na ɗora ina bubbugawa da ƙaramar guduma har ramukan suka fito da kansu. Na zubar da rarar man da Dogo ya ɗura, na nuna masa ramin gefe, na ce iyakarsa nan, in ka sa yatsa ka taɓo shi ya isa. Na ce masa buwat ba cikin baƙo ba ne da za ka yi ta cewa ƙara, ƙara.

Ran Alhamis muka sake barbaɗa toka muka hau tudun nan. Fara ta tafi, fara ta dawo. Amma tankin babu ruwa, kuma hanyar Tudun Aduwa ta ninka wannan sau da yawa. Ban gaya wa kowa komai ba.

Juma'a da sassafe muka cika tanki har baki. Na saka farar babbar rigata, wadda Rabi ta wanke ta kai aka buga. Mai yankan ƙarfen ya zo zai je ya ga hukunci da idonsa, sai dai motarsa ba ta iya hanyar. Dole ya hau Goggo. Ki duba wannan, Inna: mahauci a bayan saniya, yana riƙe da ita hannu biyu kada ya faɗo.

Ta yi nishi, ta yi kuka, ta hau tudu bayan tudu da nauyin ruwa a bayanta. A babban tudun nan na kusa da tsohuwar rijiyar Buzaye na leƙa baya ta taga ina kallon ɗan tiyon nan yana rawa a iska, ina ce masa a raina, yi gyatsa, 'yar uwa, yi gyatsa.

Mun shiga gari rana ta ɗaga. Mata sun jera bido tun daga bakin masallaci har gidan Liman. Maza suka durƙusa suna leƙen ƙasan motar. Ba a ga komai ba. Sai mai yankan ƙarfen ya karkaɗe wandonsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai rairayi yana shanye shaida."

Ban san lokacin da na tuɓe rigar ba. Na shimfiɗa ta a ƙarƙashin buwat, fara fat, aikin wuyanta yana kallon sama. Na tsaya a gaban garinmu duka daga ni sai 'yar shara da tumbin da ban san ya kai haka ba. Na ce Dogo ya bar injin yana aiki. Na ce kada a taɓa rigar sai bidon ƙarshe ya cika. A raina kuwa ina lissafin inda zan kwana in ta ɗiga, don Tanut dai ba zan koma ba.

Bido ya yi ta cika. Ban taɓa sanin garinmu yana da bido da yawa haka ba.

Da na ƙarshe ya cika, mai gari ya sa sandarsa ya jawo rigar. Aka ɗaga ta a rana, mutum biyu suna riƙe da hannuwanta. Babu komai a jikinta sai wani buzuzu da ya ɗauke ta hanya. Mai yankan ƙarfen ya duba gaba, ya duba baya, har ya sansana. Iya Delu ce ta fara rangaɗa guɗa, da wannan muryar da ta yi kama da taki har na juya ban sani ba. Sauran mata suka amsa. Dogo ya hau ya danna oda, jakunan gari suka tsinke igiya.

Da a nan labarin ya tsaya, da na fito fes kamar rigar.

Bayan an sauko daga Juma'a aka zauna a ƙofar mai gari, ya ce in gaya wa jama'a mene ne ciwon. Na gyara murya na ce wani ne ya toshe mata hanci da itace. Ban yi ƙarya ba ai. Wuri ya ɗauki salati. Wani ya ce sojoji ne. Wani ya ce wane irin jahili ne wannan. Dogo ya ce in ya kama shi sai ya ɗura masa man buwat ta hanci. Ni ina zaune ina gyaɗa kai ina cewa, "Wallahi kuwa, mutane sai a hankali." Itacen yana aljihun wandona yana sukar cinyata.

Sai tsoho Ɗan Baba makaho, daga can gefe, ya ce, "Ko wane ne, uwarsa ba ta koya masa komai ba."

Inna, sun zagi hankalina na haɗiye. Sun ce jahili na taya su. Wannan kam ta ƙi wucewa.

Na miƙe, na zaro itacen, na ajiye a tabarma gaban mai gari. Na ce, "Ni ne. Kuma ta koya mini, tun ina ɗan shekara takwas. Ni ne ban ji ba sai ran Litinin."

Dogo ya buɗe baki ya kasa rufewa. Sai mai gari ya ɗauki itacen ya jujjuya shi, kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi ta dariya har rawaninsa ya kwance. Kowa ya fashe. Ɗan Baba ya ce a kai shi ya taɓa kaina ya ji ko da wani abu a ciki. Da mai gari ya sami numfashi ya ce, "To, wanda ya ɗaure shi ya kwance. Goggo tana hannunka har ta mutu don kanta. Baƙonmu kuma a ba shi fura, a mayar da shi yadda ya zo."

Dogo ya mayar da shi a kan tanki.

Kafin mu juyo na zo wurinki. Kin ji ni ai. Na tsaya daga gefen kanki, na yi miki addu'a, na cire 'yan ƙayoyin da suka fito. Na so in ba ki labarin a nan, amma ban iya ba, shi ya sa na dawo na rubuta.

Na san da kina nan ba za ki ce mini komai ba. Ni ne ɗan fari, kunya ba ta taɓa barin ki kin kira sunana ba, balle ki yabe ni a fuskata. Za ki wuce ni kamar ba ki gan ni ba, ki shiga wurin Iya Delu, ki ɗaga murya yadda zan ji daga waje, ki ce, "Ashe wancan ya ɗan taɓuka." Daga nan ki aiko mini da fura wadda nononta ya fi na kowa yawa. Na tsaya a bakin zauren nan na ɗan jima, Inna. Ban san me nake jira ba.

Ruwa yana zuwa garinki Talata da Juma'a. Iya Delu ta ajiye bido, a ƙofar ɗakinta ake sauke mata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sanyaya makwancinki fiye da yadda kika sanyaya mana. Yadda kika yi ta ɗebo ruwa a ka don mu sha, Allah Ya shayar da ke daga tafkin Manzonsa, shan da babu ƙishirwa bayansa. Ya haɗa ki da Baba cikin rahama. Mu kuma da muka rage, Ya ba mu kunnen jin magana tun mai faɗarta yana kusa. Amin.

Ni ne ɗanki na fari,
wancan ɗin,
Idi.